Ka sayi kwamfuta da kuɗinka, makullin zaurenta na hannun wani

Rubutun yau yana da tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba turawa. A nan labarin bai tayar da ƙura ba, muna ta kanmu da farashin taki da na shinkafa. Amma ya shafe mu. Windows 11 ba kowace kwamfuta yake hawa ba. Yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in furosesar Intel ce, galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama. Ke nan ofisoshi da bankuna da makarantu a Turai da Amurka suna ta sauke injinan da lafiyarsu ƙalau, don kawai sabon Windows ya ƙi su. Wasu a farfasa a narkar, wasu a zuba a kwantena zuwa Legas, daga Ikeja su hau mota zuwa titin Beirut a Kano, daga can su sauka a shagunanmu na Birnin Kebbi.

Ga kuma wayoyinmu da suka cika maƙil. Google na ba kowa gurbin 15 GB kyauta, kuma tun 1 ga Yuni 2021 hotunan da ka ɗora ma daga cikinsa suke ci. In kana son ƙari sai haya, wata-wata, har ranar da ka daina biya. Kun san yadda duk abin da ya jiɓinci dala ya koma tun da aka saki naira a Yunin 2023, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari. Bidiyon biki ɗaya, ka biya data ka ɗora shi, ka sake biya duk ranar da kake son kallo.

Shi ya sa wasunmu suka fara haɗa abin da nake kira rumbu. Tsohuwar kwamfuta ce a lungun ɗaki, da manyan fayafayan ajiya a cikinta, an haɗa ta da rautar gida. Duk wayar da ke gidan tana juye kayanta a ciki ta waifai, ba ruwanka da data. Turawa na ce masa NAS. Ni rumbu ya fi kwanta mini, don aikinsu ɗaya da na hatsi.

Abin da ya tura ni ciki kashi biyu ne. Na farko duk ma'aikaci ya san shi. Takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, shaidar shekaru, duk ranar da aka ce tantancewa sai ka fito da su. Na ga dattijon da ya cika shekara 35 yana aiki, ranar da ya zo haɗa takardun fansho aka ce fayil ɗinsa babu takardar farko, tasa ta gida kuma gara ta gama da ita. Wata nawa ya yi yana hawa mashin daga wannan ofis zuwa wancan. Mutum da furfurarsa yana roƙon yaran da ya koya wa aiki su duba masa kabad. Ban so in ga kaina a haka ba.

Na biyu a Argungu yake. Ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa a fadamar Rima, ta shiga gidanmu na gado. Adakar marigayi mahaifinmu tana ƙasan gado. Da ruwa ya janye muka buɗe, takardar gonar fadama ta manne da wasu, tawadar ta zama shuɗin ruwa. Hotuna baƙi da fari, har da wanda yake tsaye a bakin Matan Fada da homa da gora, sun manne da juna, in ka ɓamɓare fuskar ta biyo. Mun ceci abin da ya cetu, da kaset-kaset na karatunsa da ke saman kabad. Tun ranar nake ɗaukar hoton duk takardar da ta zo hannuna, har waya ta ƙi karɓa.

Na sayi irin ta ofis mai tsayuwa, furosesa zubi na shida, ram 8 GB, daidai irin waɗanda Windows 11 ya ƙi. Na nemo fayafai biyu masu 4 TB kowanne, da ƙarami guda na manhaja. Manhajar rumbu kyauta ce, akwai TrueNAS akwai OpenMediaVault, na ɗauki ta biyun don ba ta da nauyi. Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a kwalejin Waziri Umaru ya zuba mini ita a filash, ya ce, "Baffa, aikin rabin awa ne." Kwana huɗu muka yi, kuma duk kwana huɗun a ƙofa muka yi su.

Bari in yi bayanin ƙofar. A jikin madabod, wato babban allon da komai ke manne da shi, akwai wani ɗan guntu mai ɗauke da ƙaramar manhaja. Ita ke fara farkawa in ka danna wuta, tun Windows na barci. Ta ƙirga ram, ta duba fayafai, ta ga ko akwai kibod, sannan ta yanke daga ina za a tashi. Sunanta BIOS, masu gyara na cewa bayos. Sunan tsoho ne, tun 1975 yake a manhajar CP/M ta Gary Kildall, kwamfutar IBM ta 1981 ta yaɗa shi. Na yanzu UEFI ne sunansa na gaskiya, amma bakin kowa ya riga ya saba da bayos. Ku ɗauke shi kamar zauren gida. Ba mai shiga ciki sai ta nan, kuma a nan maigida ke ba da umarnin wa za a bari ya wuce. In kana son injin ya bar Windows ya tashi daga filash, dole ka zauna a zauren ka faɗa masa. Ƙofar kuwa daƙiƙa biyu ko uku take buɗewa bayan ka kunna, ta rufe.

Maɓallin shiga ya danganta da wanda ya ƙera. Dell F2 ne, HP F10 ko Esc, Lenovo na tebur F1, allunan ASUS da MSI da Gigabyte kuwa Del. Duk mun san wannan, mun danna na injinmu, mun danna na wasu ma don kar a bar kafa. Talabijin ɗin falo da muka haɗa ya yi baƙi, ya ce babu sigina, sai ga Windows ya bayyana yana neman kalmar sirrin wani mai sunan Turawa. Muka kashe muka sake. Sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wai gyara kuke ko kiɗa?"

A nan mutane da yawa ke yanke cewa allon ya lalace, su kwashi injin zuwa shago, a ce musu sai an sauya madabod. Kafin ka kai nan, tambayoyi uku ne, kuma na farkon biyun ba sa cin ko sisi. Kana ganin ƙofar? Ƙofar tana jin bugunka? In duka biyun e ne, to a kulle take?

Maganar gani ita ce ta fi yaudara. Talabijin yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya kama siginar HDMI, kafin ya farga bayos ya wuce. Wani talabijin ɗin ma sam ba ya nuna ƙaramin hoton da bayos ke fitarwa, ka shiga zauren amma kana kallon duhu kana cewa bai shiga ba. Injinan ofis kuma yawanci ba su da HDMI, sai DisplayPort da VGA, ka sa abin juyawa a tsakani ya ƙara nasa jinkirin. In akwai katin hoto daban a ciki, wayar a jikinsa za ta shiga, ba a jikin madabod ba. Wanda kuma ya haɗa sabon inji da furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta, ya sani ba ta fitar da hoto da kanta, ko shekara zai yi yana dannawa. Mu tsohuwar monita muka aro wajen maƙwabcina mai shagon buga takardu, mai shuɗiyar wayar VGA. Nan take muka ga tambarin kamfani da ɗan rubutu a kusurwa yana faɗin maɓallin da za a danna. Ya ƙifta ya ɓace, amma dai mun ga ƙofa.

Sai bugu. Kibod ɗin gidana mara waya ne. Mai Bluetooth kam ka manta da shi, sai Windows ya tashi yake aiki. Mai ɗan toshe na USB wani lokaci ya yi, wani lokaci ya makara. Muka samo mai waya, muka sa a baƙar kafar USB ta baya, ba shuɗiya ba, ba ta gaba ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka kunna ka zuba wa fitilar Num Lock ido. In ta kama tun tambari na kan allo, bayos na jin ka. In sai Windows ya fara juyawa ta kama, to da bango kake magana. Kuma a riƙa dannawa ana saki, kar a danne a riƙe, wasu injinan na ɗaukar hakan a matsayin maɓalli ya maƙale. Namu fitilar ba ta kamawa sai can baya. Dalili shi ne wani saiti da ake kira Fast Boot, wanda ke sa injin ya tsallake duba USB don ya rage daƙiƙa kaɗan. Wanda ya yi amfani da shi a can ya kunna shi. Maganin wannan a da shi ne kibod mai zagayayyen kai, na kafar nan mai launin shunayya, a sa shi injin na kashe. In allonka na da kafar kuma ka samu irin kibod ɗin a kwandon tsofaffin kaya, ka riƙe shi da kyau.

Mu ba mu samu ba, sai muka bi ta ƙofar baya, kuma halastacciya ce. A shafin da Windows ke neman kalmar sirri, akwai alamar wuta a kusurwar ƙasa. Ka riƙe Shift ka danna Restart. Ba sai ka shiga asusun kowa ba. Shuɗin shafi zai fito, ka bi Troubleshoot, sai Advanced options, sai UEFI Firmware Settings. Injin zai sake tashi ya kai ka zauren da kansa, kuma wannan karon zai duba kibod. Wata dabarar ita ce ka zare wayar faifan da Windows ke kai. In injin ya tashi bai ga inda za shi ba, yakan tsaya ya tambaye ka. Ku kuma lura, tun daga Windows 8, Shut down ba cikakkiyar kashewa ba ce, rabin barci ne, a wasu injinan sai ka bi ta Restart kafin ƙofar ta tsaya maka.

Muka bi ta Shift. Allo ya yi duhu, ya dawo, sai ga ɗan akwati a tsakiya yana neman kalmar sirrin mai kula da injin. Yaron ya dube ni ya ce, "Baffa, an kulle."

A nan nake son in ɗan tsaya, don wannan ne ya sa na yi rubutun. Na biya kuɗina, ga rasit, injin na cikin ɗakina yana shan wutata. Amma wani ma'aikacin sashen kwamfuta a wani ofis da ke wata ƙasa, wanda wataƙila ya bar aikin ma, shi ke riƙe da makullin zaurena. Ba mugunta ya yi ba, aikinsa ne ya hana ma'aikata taɓa saiti. Da aka tashi sallamar injinan aka manta da cirewa, ko ba wanda ya damu. Na kira wanda ya sayar mini, ya ce, "Yallaɓai, ai haka suke zuwa. Ba tana kawo Windows ba?" Ban ɗauke shi macuci ba, don na yarda shi kansa bai taɓa leƙawa ba. Gwajin kasuwarmu ke nan: a kunna, Windows ya fito, a buɗe waƙa a ji sauti, a miƙa kuɗi. Wanda zai buga takarda kawai yana iya shekara biyar bai san a kulle yake ba, sai ranar da Windows ya lalace aka zo sake zubawa. Yanzu kuwa da injinan da Windows 10 ya bari ke ƙaruwa a kasuwa, masu sayen da za su buƙaci sauya manhaja su ma ƙaruwa za su yi. Don haka in za ka saya, kafin ka taɓa aljihu, ka ce a shiga bayos a gabanka, a sauya wani abu ko da agogo ne, a adana, a fita. Minti biyu ne. In mai shago ya fara kame-kame, ka duba ta gaba.

Kullen ma iri-iri ne. Akwai wanda ke hana injin tashi gaba ɗaya, akwai na mai kula wanda ke barin ka shiga Windows amma ya hana ka sauya saiti, irin namu ke nan. Akwai kuma na faifai, wanda a cikin faifan kansa yake zaune, ko ka kai shi wani injin zai bi ka.

Wata magana a gefe, kuma a matsayina na ma'aikaci nake yin ta. Ba duk injin da ke kulle ne ya tsallako teku ba. In ka ga lambar kadara ta wata ma'aikata ko makaranta ta ƙasar nan a jiki, ko an kankare wurin, kuma babu takardar gwanjo, ka bar musu kayansu. Mun san yadda kayan ofis ke yin ƙafa. Abin da zan faɗa a ƙasa na wanda ya mallaki abinsa ta hanyar gaskiya ne.

Injinan ofis na tebur na wancan zamanin, masu ƙera su sun tanadi mafita, kuma tana rubuce a littafin gyaransu, wanda ake samu kyauta in ka nemi lambar samfurin. A kan madabod akwai ƙananan ƙusoshi da wata 'yar hular roba a kansu, kusa da su an rubuta PSWD. Muka zare wayar wuta, muka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita, yaron ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya sa hannu. Ya cire hular, muka kunna sau ɗaya, muka kashe, ya mayar da ita. Shi ke nan. Kwana huɗu, ƙarshenta roba ce da ba ta kai ƙwayar masara ba. A allunan da ake haɗawa da hannu, ƙusoshin CLR_CMOS ne, ko a cire ɗan batirin allon na mintoci. Amma kar wanda ya ɗauka wannan na aiki ko'ina. Yawancin laftof da sababbin injinan ofis suna ajiye kalmar a guntun da ba ya mantuwa, ko ka cire batir wata guda. A nan sai dai kamfanin da ya ƙera, da shaidar mallaka, ko gwanin da zai sake rubuta guntun, wanda in hannunsa ya goce allon ya tafi. Ni shawarata a irin wannan, ka mayar a sauya maka.

Da muka shiga, na gane wahalar ba ta tashi a banza ba, don abubuwan da za su sa rumbu ya rayu a Kebbi duk a zauren suke.

Babbansu shi ne abin da injin zai yi in wuta ta dawo. Sunan saitin ya bambanta, wani AC Recovery, wani After Power Loss, amma zaɓin uku ne: ya zauna a kashe, ya kunna kansa, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Daga masana'anta a kashe yake zuwa, don su a can ɗaukewar wuta labari ne da ake bugawa a jarida. Mu nan in ka bar shi haka, kana ofis a Gwadangaji kana neman takarda, rumbu na gida yana barci tun ɗaukewar safe, sai ka kira a danna maka. Sai ka sa shi ya kunna kansa. Amma a bi a hankali. Kun san wutar nan mai rawa, ta zo ta koma sau uku cikin minti ɗaya. Faifai mai juyawa ba abin da ya tsana irin wannan, tashi da faɗuwa yana tsakiyar rubutu. Dole a sa wani abu a tsakani, ko inbata ko ƙaramin UPS. Wanda ya fi shi ne UPS mai wayar USB, da zai gaya wa rumbu batir ya kusa ƙarewa, ya rufe kansa cikin mutunci. A nan ne zaɓi na uku ke yaudara. In rumbu ya rufe kansa da kansa, yadda yake kafin nan ai a kashe ne, wuta za ta dawo ya ci gaba da kwanciya. Na tsakiyan za ka ɗauka. Mai sola kuma zai so wani saitin da ke kusa, wanda ke kunna injin a ƙayyadadden lokaci kullum, ya tashi da hantsi rana ta hau, ya kwanta da dare ya bar wa fanka batir.

Sai ɗan batirin allo, CR2032, mai kamar kwabo, volt 3. Shi ke riƙe agogo, a injina da dama har da saiti. Agogon namu ya yi baya, yaron ya auna batirin da mita ya ga yana gab da mutuwa. Inji mai shekara takwas ko tara, ba mamaki. In ya mutu, duk ranar da wuta ta yanke gaba ɗaya sai injin ya tashi ya tsaya yana jiran a danna F1, a lungun da babu monita babu kibod, kai kuma kana can kana zargin rauta. Wajen masu gyaran agogo a babbar kasuwa na samo sabo. Ku sauya shi tun ranar farko, kar ku jira. A kuma nemi saitin da ke sa injin tsayawa in bai ga kibod ba, a ce masa ya wuce.

Sauran da sauri. Yanayin fayafai a mayar da shi AHCI, don injinan ofis da yawa a RAID suke zuwa, wani lokaci manhajar rumbu ta kasa ganin faifan ko ta kasa karanta lafiyarsa, kuma kafin zuba manhaja ake sauyawa. Secure Boot, wasu manhajojin sai an kashe shi suke tashi daga filash. Jerin tashi, filash a gaba har a gama, sannan a mayar da ƙaramin faifan gaba. Fast Boot kuwa na kashe shi da hannuna, da ɗan jin daɗi. Injin da zai yi kwanaki a kunne, me zai yi da ribar daƙiƙa biyar?

Bayan nan, gaskiyar yaron, rabin awa ne.

Na auna cin wutarsa, wajen wat 35 yake yana zaune, bai kai fankar sama ba. A awa 24 wat-awa 840 ke nan, bai cika yunit ɗaya ba. Abokan gabarsa zafi da ƙura. A Afrilu da muke wuce digiri 40 a inuwa, kar a kulle shi a kabad, kuma manhajar na nuna zafin kowane faifai, a riƙa leƙawa. Da hunturu kuwa ƙura na shiga bakin ram, wata rana ka kunna allo ya yi baƙi injin na ƙara ɗii-ɗii. Kafin ka tsorata, zare ram ɗin, hure, goge, mayar. Na ɗora nawa a kan tebur mai tsayi. Wanda ya ga 2020 ba ya ajiye abu mai daraja a ƙasa.

Fayafan biyu madubin juna ne, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗayan, in guda ya mutu ba a rasa komai ba. Amma a ɗaki ɗaya suke, a akwati ɗaya. Tsawa, gobara, ɓarawo, ko yaro ya goge babban fayil, duka biyun zai shafa lokaci guda. Masu wannan sana'a suna cewa kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Nawa wurin daban Argungu ne. Ina da ƙaramin faifai na aljihu, ƙarshen wata in juye abin da ya ƙaru, in na je gaida Inna in bar shi a saman kabad ɗin Yaya, in ɗauko na wancan watan. Tafiyar da ba ta wuce awa guda ba, kuma dama zan yi ta.

Zuwan farko na tafi da laftof, na buɗe wa Inna hoton bakin Matan Fada, wanda muka ceto rabinsa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanga shekarar da anka haifi yayanka ce. Wanda ad dama gare shi ƙanen Sarkin Ruwa na lokacin ne." Ta shiga lissafa mutanen da ke tsaye a baya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ni inuwa kawai nake gani. Na kunna rikodar waya. Yaya na gefe yana cewa, "Kai dai da kayan Turawanka," amma kafin in taso ya shiga ɗaki ya fito da wata jaka cike da takardun gonar Gulma ya ce in ɗauke su su ma.

A hanyar dawowa na wuce ta gaban gidan tarihi na Kanta. Ginin Yakubu Nabame ne, ya zauna fadar sarki har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Bikin kamun kifi kuma, da ake ƙirga farkonsa a tsarin yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016. Waɗannan suna da masu kula da su, kuma ya kamata. Amma gidan tarihi kayan sarakuna yake ajiyewa, makamai da tambura da kaburbura. Masuncin da ya shiga ruwa a shekarun da ba a yi waya mai kyamara ba, da manomin fadama, da malamin zaure mai kaset, nasu tarihin yana cikin adaka a ƙasan gado, na 'ya'yansu kuma yana cikin wayar da gobe za ta iya faɗawa rijiya. Ba wata hukuma da za ta zo ta kwashe mana shi.

Saura abu ɗaya. Da muka gama, yaron ya ce, "Baffa, mu sa namu makullin a bayos mana, kar wani ya taɓa." Na ce a'a. Wa zai taɓa a gidana? Wanda ya kai ga ɗaukar akwatin ai ya kai ga hular robar. Wanda makullin zai wahalar shi ne wanda zai gaje ni, ya zauna gaban ɗan akwatin nan yana jiran kalmar da ke cikin kan wanda ba ya nan, kamar yadda na zauna gaban ta Baturen can. Kalmar sirri tana kan manhajar rumbun, inda take da amfani, kuma na rubuta ta a takarda na ba uwargida ta ajiye tare da takardar gida. Babbar 'yata na nuna mata yadda ake buɗe rumbun daga waya da yadda ake juyewa a faifan Argungu, ta yi sau biyu a gabana.

A cikin murfin akwatin kuma na manna wata takardar da salatif. A jiki akwai maɓallin shiga bayos, da cewa a yi amfani da monita mai VGA da kibod mai waya a baƙar kafar baya, da saitin da muka sauya ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka sa sabon batir. Kaset-kaset ɗin Baba guda 23 ne, na juye 9, rediyon da nake juyewa da shi bel ɗinsa ya tsinke. Wanda ya san mai gyaran rediyon kaset a Birnin Kebbi ko Argungu da har yanzu yake aiki, don Allah ya yi mini magana.